Kwaɗon Noboru

Higashi-Osaka, farkon Yuni

Zuwa ga Horiuchi Fusae-san,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Damina ta kama, gari duk ya yi danshi, ina fata gwiwoyinki ba su biye mata ba. Ina sake yi miki gaisuwar rashin Noboru. Ranar jana'iza na zo, na ƙona turarena, na fita ban ce miki uffan ba. Ba raini ba ne. Tun ina saurayi nake yanka ƙarfe, kunnena ya tafi, muryata kuma ba ta san ana cikin ɗaki ba. Da na buɗe baki a wurin nan da na firgita malamin haikali. Shi ya sa ma nake rubuto miki maimakon in buga waya.

Ni ba na iya kwana-kwana. Kin san ni, Kuwabara Tetsuji ɗan gwangwan, karatuna bai wuce ƙaramar sakandare ba. Magana biyu ce ta kawo ni.

Ta farko, ɗakin sama. Kada ki kashe injin tsotse danshi ko na yini ɗaya. Kwali ba ya yafe wa damina.

Ta biyu, Kwaɗo. Ina nufin koren modem ɗin nan da ke can saman kanta, cikin kwalinsa, ledarsa ba a taɓa yaga ta ba. Wataƙila a idonki duk tarkacen ɗakin iri ɗaya ne, to ba ɗaya ba ne. Sauran modem ɗin da muka tara ni da mijinki, na cacar dawaki, na duba hannun jari, na kamo wasa daga tauraron ɗan adam, duk sai sun kira babbar na'urar kamfani kafin su yi aiki, kamfanonin kuwa sun kashe na'urorin tun tuni. Gawawwaki ne masu kyau. Kwaɗo ba ruwansa da kamfani. Wani ɗan ƙaramin kamfani a Kadoma ya ƙera shi lokacin muna da gashi, don mutum biyu su jona shi da na'urar gem su buga shogi, darar ƙasar nan, ta layin tarho, wannan a gidansa, wancan a gidansa. Bai karɓu ba, kamfanin ya rufe. Duk yawon da na yi a ƙasar nan biyu kawai na sani. Ɗaya nawa, na zaro shi daga tarin ƙarafa ranar da aka ba ni kwashe rumbunsu, kwalinsa ya ruɓe. Ɗaya na Noboru.

Kwaɗo ba ya magana sai da Kwaɗo. Nawa lafiyarsa lau, in na jona shi ya yi ta kuka cikin waya, babu mai amsawa. Shekara da shekaru ke nan.

Sau nawa na zauna a ɗakin nan ina shan shayinki ina ce masa, "Noboru, buɗe abin nan mu ji muryarsa."

Ya ce, "Babban yaya, abin da aka buɗe ya zama tsohon kaya."

Na ce, "Kai ma tsohon kaya ne, sakarai."

Ya ce, "Amma ni ina cikin kwalina. Kai kuwa ko takardar bayani ba ka zo da ita ba."

Me za ka yi da mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gidan waya yana riƙe ƙunshin mutane bai taɓa leƙa ko ɗaya ba? To ga shi an ƙone gawarsa cikin akwati, shi da kwalin nasa. Ki yafe mini, haka muke magana ni da shi, kuma yanzu ba ni da wanda zan yi wa.

Na ji a kasuwar Nipponbashi cewa ɗanku ya kawo wani mai farar safar hannu ya ɗauki hoton Kwaɗo. Ban san me ake shiryawa ba, ban kuma son in sani. Ki faɗi kuɗinsa. Ba zan taya ba, abin da kika ce shi zan kawo.

Ki huta lafiya, ki riƙa cin abinci.

Kuwabara Tetsuji

*

Yao, tsakiyar Yuni

Zuwa ga Kuwabara-san,

Ina gaishe ka da ladabi. Ruwa bai ɗauke ba tun shekaranjiya, ni kuma na jiƙa ume, ɗan itacen nan mai tsami, cikin gishiri kamar kowace shekara, sai da na gama na tuna mai cinsa ba ya nan. Na gode da zuwanka jana'iza. Na gan ka, kuma na ji ka, don ko numfashinka ba ya ɓuya.

Injin danshi yana aiki. Tun ɗanmu Ryosuke yana goye nake zubar da ruwansa safe da yamma, ba na buƙatar tuni.

Maganar saye kuwa, zan ɗauka ban karanta ta ba. Turaren mijina bai huce ba, ba zan kai kayansa kasuwa ba, ko kasuwar ta zo har gida da hula a hannu.

Ranar cika kwana arba'in da tara, idan malamin haikali ya gama karatunsa, zan raba kayan tunawa ga 'yan uwa da abokai. Agogonsa na ƙaninsa ne, sandar kamun kifi ta maƙwabcinmu. Na so ƙwarai in sa sunanka, amma ka san yadda ake yi. Ba a miƙa wa babba kayan ƙaramin da ya riga shi tafiya, kamar an ce masa ya shirya ne. Sai fa idan babban ne ya nema da bakinsa. Ka girmi Noboru. Na san 'yan watanni ne, amma sun isa su sa ka aji ɗaya gaba da shi, shi ma da ransa bai taɓa kiranka da suna ba.

Tun da ka ce ba ka son sani, bari in faɗa maka. Ryosuke ya yi magana da wani kamfani a Tokyo masu duba kayan da ba a taɓa buɗewa ba. Su ba shi maki, su rufe shi cikin akwatin roba mai kamar gilashi, wanda ba ya buɗuwa sai an fasa. Daga nan a kai shi gidan ajiye kayan tarihin wasanni, da sunan ubansa a ƙasa. Duk abin da ban bayar a ranar rabo ba, na Ryosuke ne, haka muka yi da shi.

Idan ka nema, zan duba. Ban ce zan bayar ba.

Ka kula da kanka cikin wannan ruwa.

Horiuchi Fusae

*

Higashi-Osaka

Fusae-san,

Gaisuwa, da fatan ume ya kama gishiri. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune, ba ta canja ba.

In nema? A kira abu da sunansa, roƙo ake so in yi. To bari ki ji. Ina ɗan shekara goma sha biyar na ajiye jakar makaranta na kama kura ina bin masana'antu. Wata rana na ga guntayen wayar tagulla an tara a bayan wata masana'anta a bakin kogi, za a zubar. Na cire hula na ce wa mai wurin a taimaka a ba ni. Ya ce in ƙara sunkuyawa. Na ƙara. Ya kira ma'aikatansa su zo su ga ladabi, ya ce in ƙara. Sai da goshina ya kusa taɓa gwiwata, sannan ya sa ƙafa ya ture tarin cikin ruwa. Daga ranar ban sake ce wa ɗan adam a ba ni ba. Abin da nake so in saya, in ba a sayarwa in haƙura, in ban iya haƙuri ba in ƙera nawa. Ko matata marigayiya ban roƙe ta ba, cewa na yi ga ni ga kurata, ta duba. Waccan masana'antar kuwa da ta mutu ni na sayi injinanta, ni na yanka su da hannuna. Yau motocina har Kobe suke kwana.

Wa ya kafa wannan al'ada? Ko wane ne, bai taɓa ganin modem ba. 'Yan watanni! Da uwata ta ƙara haƙuri zuwa damina, da yanzu kin aiko mini shi ba wata magana. A ce mutum ya durƙusa saboda gaggawar da uwarsa ta yi?

Shi kuma akwatin robar nan na san shi, na gan su jere a shagunan Tokyo. Kabari ne mai taga. Wani yaro da bai taɓa jin kukan modem ba ya juya kwali a ƙarƙashin fitila, ya ce kusurwar nan ta ɗan lotse, ya rage maki. Abin da ke ciki ko dutse ne ba ruwansa. Aka ƙera abu don ya yi magana, su kuma su toshe masa baki su rubuta masa lamba a goshi.

Ba zan roƙa ba. Ba kuma zan janye ba. Ranar arba'in da tara zan zo da baƙar kwat ɗina in zauna inda aka nuna mini, ku yi abin da za ku yi ina kallo.

Ki gafarta zafin alƙalami.

Kuwabara

*

Yokohama, ƙarshen Yuni

Zuwa ga Kuwabara Tetsuji-sama,

Ina miƙa gaisuwa cikin girmamawa, tare da fatan harkokin kamfaninka suna ci gaba. Ni ne Ryosuke, ɗan marigayi Horiuchi Noboru. Ina godiya da zumuncin da ka yi wa mahaifina tsawon rayuwarsa.

Mahaifiyata ta nuna mini takardunka. Ka yi mini izini in faɗi nawa.

Ina yaro ba a barina in shiga ɗakin sama. Ranar da na faki ido na taɓa kwalin nan da hannu mai maiƙo, Baba bai dake ni ba, amma ya yi mako ba ya kallona. Na tsani kwalin, na tsani ɗakin, na tsani muryarka da ke ratsa bene duk ranar Lahadi. Sai da na girma na fahimci abu ɗaya. Kai ka tara ƙarfe ka gina kamfani, kowa ya gani. Mahaifina bai gina komai ba. Albashinsa ya ci, ya yi ritaya aka ba shi furanni. Abu ɗaya ya yi wanda ba wani a ƙasar nan da ya yi: ya riƙe wannan kwali yadda ya fito daga masana'anta, ta girgizar ƙasa, ta ƙaura, ta damina bayan damina, ta naci irin naka. Shi ne aikinsa. Ina so a gan shi da sunansa.

Ka yi shekaru kana ce masa ya buɗe, yana ce maka a'a. Yanzu ba shi da bakin cewa a'a. Idan ka buɗe shi ba cin gardamar ka yi ba, jira ka yi abokin gardamar ya mutu.

Na ji daɗi da ka ce ba za ka nema ba. Ina roƙonka ka tsaya a kan haka. Mahaifiyata tana jin nauyinka, idan ka nema za ka sa ta a tsaka mai wuya.

Ka gafarta mini idan na wuce iyaka.

Horiuchi Ryosuke

*

Higashi-Osaka, farkon Yuli

Ryo-chan,

Gaisuwa. Ajiye "sama" ɗin nan da ka liƙa wa sunana, ni ba allan haikali ba ne. Ni ne mutumin da ka yi wa fitsari a cinya ranar bikin yara na kifin takarda, uwarka tana ba ni haƙuri, ubanka yana dariya har da buga tabarma.

Ka iya rubutu, kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. Maganar jiran abokin gardama ya mutu ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Na ajiye takardar na fita fili na yi ta yanka wani tsohon injin da ba ya buƙatar yanka, har yarana suka ce ko shugaba ya sha wani abu.

Jiya na je Nipponbashi wurin Ogushi mai tsofaffin kaset, abokinmu ni da ubanka. Labari ya riga ni isa. Tun daga bakin ƙofa ya fara.

"Ga mai girman kai ya iso! A ba shi kujera, kada wuyansa ya lanƙwashe."

Na ce, "Rufe mini baki, ɓarawon yara."

Ya ce, "Tetsu, ka ce mata kai ƙaninsa ne mana. Wa zai je ofishin gari ya duba? Fuskarka dai tun kana talatin ta saba'in ce, ba a gane komai."

Na ce, "In yi ƙarya a gaban hoton mamaci?"

Ya ce, "To ka roƙa."

Na ce, "In mutu."

Ya ce, "To mutu mana, mu raba naka. Ni na girme ka, amma ka ga bakina? Tun yanzu na nema."

Duk shagon aka kwashe da dariya. Na saya masa soyayyen takoyaki ya ci don ya yi shiru, bai yi ba.

Yanzu saurara, ɗan Yokohama. Ka ce ubanka bai gina komai ba sai riƙon kwali. Ƙarya kake, kuma ba ka san ƙarya kake ba. Mutumin da ya hau jirgi har Aomori cikin ƙanƙara don wata 'yar igiyar waya da ba ta kai kamu ɗaya ba, ya dawo ya ba ni ita saboda nawa Kwaɗon ba shi da ita, wannan mutum ba mai gadin kwali ba ne kawai. Ka san rabinsa, rabin da ke hana yaro shiga ɗaki. Ni na san rabin da ke cin taliyar udon a tsaye yana zagina.

Ranar da na kwashe rumbun kamfanin da ya ƙera Kwaɗo, wani tsoho cikin rigar aiki ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon motata. Na ce masa ya matsa. Ya ce shi ya haɗa muryar abin, ya yi wata da watanni yana kasa kunne. Bai nemi komai ba, ya tsaya har muka tashi. Shi wa ya ba shi maki?

Sannan wata magana. Ka roƙe ni kada in nema. Yaro, ba a ce wa Kuwabara ga abin da zai yi da bakinsa. Da na yi shiru, ni na ga dama. Ba kai ka ba ni shirun ba, kada ka yi mini godiya a kansa.

Ka gai da matarka.

Kuwabara

*

Yao

Kuwabara-san,

Ina gaishe ka. Gyare sun fara kuka, alamar ruwa ya kusa ɗaukewa.

Akwatin kamfanin Tokyo ya iso jiya, da soso a ciki an yanka shi daidai girman kwalin. Za su aiko a ɗauka washegarin taro. Na ajiye shi a ƙarƙashin bene, ina tuntuɓe da shi.

Ɗana ya ce ya san abin da Noboru yake so. Kai ma ka ce ka sani. Ni da na yi shekara arba'in ina dafa masa, ban sani ba. Bai taɓa faɗa mini ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Na san dai yakan goge kwalin da safe, na san kuma duk Lahadi yakan sa ni in sayo wainar wake irin wadda kake so tun kafin ka ce za ka zo. Ku biyu kuna ta ja, ni ce mai hawa bene da bokiti.

Ranar Asabar zan gama tsara wanda zai karɓi me. Bayan nan ba zan sake taɓawa ba, ko don kai ko don Ryosuke.

Ni ba mai masana'antar bakin kogi ba ce, Kuwabara-san, kuma ban ji daɗi da ka jera ni da shi ba. Ba wanda zan kira ya zo kallo.

Ka zo da laima, ko da rana ta fito.

Fusae

*

Higashi-Osaka, Alhamis

Fusae-san,

Gaisuwa. Wannan ita ce takarda ta huɗu, sauran suna kwandon shara.

Ban jera ki da kowa ba. In haka ya fito, alƙalamin ne.

Ni Kuwabara Tetsuji, wanda ya girmi Horiuchi Noboru, ina neman a ba ni Kwaɗonsa in tuna shi da shi. Ina roƙo. Ki taimaka ki ba ni.

Ga shi na rubuta, rufin gidana bai faɗo ba.

Amma kada in cuce ki, ki san abin da za ki ba wa. Maganar ɗanki tana nan a ƙirjina kamar ƙusa. Shekara nawa ina cewa a buɗe, a buɗe, yau ban san ko hannuna zai iya yaga ledar da Noboru ya hana ni yagawa ba. Wataƙila in kai shi gida in ɗora a kanta in zama shi. Ko da haka ne, gara ya zauna kusa da ɗan uwansa da ya shiga roba.

Idan kin hana, ba zan ce komai ba, zan ci abincin taro in tafi. Kada Ogushi ya ji wannan.

Kuwabara

*

Yokohama, ƙarshen Yuli

Kuwabara-san,

Ina gaishe ka. Zafi ya tsananta, ina fata kana shan ruwa. Ban yi maka sallama ba ranar taro, kuma ba zan ce mantawa na yi ba.

Na sani za ta ba ka, tun da ta ce mini ka nema. Na shirya wa wannan. Na ce a raina zan bi ka har gida in yi ta magana, ai kai ma ka ce ba lallai hannunka ya iya ba. Abin da ban shirya masa ba shi ne almakashi.

Kai kana can ƙarshen tabarma, da kunnenka kuma, ba na jin ka ji abin da aka faɗa. Bari in faɗa maka, don ka san abin da aka yi saboda kai. Da ta shigo da kwalin a kan faranti ta durƙusa, ta zaro almakashin ɗinkinta daga ɗamara, na ce, "Mama, me za ki yi?"

Ta ce, "Zan ba da kayan tunawa."

Na ce, "To ki ba shi haka!"

Ta ce, "A nannaɗe? Kyautar biki ce? Ka taɓa ganin an ba da kayan mamaci cikin kwali da leda? Agogon da kawunka ya karɓa yanzu, da akwatinsa na ba shi?"

Kawu ya ce, "Fusae-san, wannan fa ba agogo ba ne, an ce ledar ita ce abin."

Ta ce, "To ledar ba ta cikin rabo. Wanda ke so ya ɗauka."

Na ce, "Baba ya yi shekara talatin..."

Ta ce, "Na sani, ina nan."

Sai ta yanka ledar. Har malamin haikali ya tsaya da kofi a hannu. Wani wari ya fito, warin sabuwar roba, irin na kayan wasan da ake saya mini ina ƙarami. Ta zaro shi, kore shar kamar jiya aka ƙera, ta ɗora a kan farar takarda guda ta tura gabanka. Na ga ka share ido da bayan hannu. Na ji ka ce wa Kawu fanka ce ta yi yawa, duk unguwa ma ta ji.

Ni kuma ta miƙo mini kwalin, ta ce, "Ungo, wannan ne ubanka yake gogewa."

Na kira kamfanin na ce kada su zo. Gidan tarihi sun ce za su yi shawara kan kwali marar komai, na san ma'anar wannan. Kwalin yana nan a kan teburina, matata ta tambaye ni ko na shara ne. Ban yi magana da Mama ba tun ranar. Ba na jin al'ada ce ta sa ta, ta san abin da take yi sarai, ta ɗauke maka yankan ne ta ɗora a kanta. Ban yafe mata ba tukuna, kai ma haka.

Abu ɗaya nake so in sani, kuma ina ganin ina da hakkin sani, tun da an riga an yi ɓarnar. Yana aiki?

Ka huta lafiya.

Ryosuke

*

Higashi-Osaka

Ryo-chan,

Gaisuwa. Ban sani ba. Ban jona shi ba.

Kwaɗo biyu a ɗaki ɗaya ba su da abin faɗa wa juna, sai da waya a tsakani. Nawa ne yanzu, na roƙa an ba ni, inda na ga dama zan ajiye shi. Ranar Asabar zan kai shi Yao da na'ura da kaset ɗin shogi, in jona shi da tarhon ɗakin sama. Uwarka ta yarda, da sharaɗin ni zan riƙa hawa da bokiti.

Ranar Lahadi bayan abincin rana zan buga daga nan. Sai wani ya zauna a wancan gefen ya danna jan maɓalli. Uwarka ta ce ita ta gama nata. Kana son amsa, jirgi na tashi daga Yokohama kullum. Ka zo da fushinka, ba ya hana danna maɓalli.

In ba ka zo ba, zan buga Lahadin gaba. Na saba, ni da shi.

Kuwabara Tetsuji